Harafin j, Fulotin Safiyo da Raƙumin Gromov

Duk wanda ya zauna ajin ilektirikal a makarantar nan, ko da na samista ɗaya ne, ya gamu da harafin j. A rubuta mana a allo cewa j sau j daidai yake da −1, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu juye, shi ke nan. Masu lissafi i suke kiransa. Mu da yake mun riga mun ba karant wannan harafin, sai muka koma j. In ka tare ɗalibai a bakin wokshop ka ce su faɗa maka wace irin lamba ce za ta ninka kanta ta ba da mainos, mafi yawansu cewa za su yi, "Ai lambar ƙarya ce, haka aka koya mana." Ni wannan amsar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin muna gab da karɓar difloma mu fita mu riƙa taɓa wayoyi masu wutar gaske, alhali a ranmu lissafinsu na ƙarya ne.

Abin da nake so in nuna shi ne, j umarni ne irin na fareti: juya hagu. Kuma yana da abokin tafiya, wani ma'aunin fili da 'yan safiyo suke aiki da shi kullum. In aka haɗa su biyun, sai ga mutum a bakin ƙofar wani babban fanni na lissafi da ake kira jiyometirin simfilektik. Kada sunan ya tsorata ku. Takardar giraf da biro sun isa ga rabin tafiyar.

Daga tsakiyar takardar, ja kibiya mai taku 3 zuwa gabas da taku 1 zuwa arewa, ka sa mata suna u. Ja wata mai taku 1 gabas da taku 3 arewa, ita ce v. Yanzu ka cika sauran gefe biyun, ka sami fili mai gefe huɗu, kamar fulotin da aka yanka a karkace. Girman filin nan yana fitowa ba tare da ka auna tsawo ko kusurwa ba: gabas na kibiyar farko sau arewa na ta biyu, ka cire arewa na ta farko sau gabas na ta biyu. Wato 3 sau 3, a cire 1 sau 1, saura 8. Wannan lissafin shi ake rubutawa ω(u, v), da harafin Girkanci omega. 'Yan safiyo sun san shi, shi suke maimaitawa daga bikon zuwa bikon idan za su fitar da girman fili daga lambobin kusurwoyinsa.

To amma ga wani hali nasa. In ka fara da v ka biyo da u, amsar −8 ce. In ka haɗa kibiya da kanta, sifili. Safiyo yakan share mainos ɗin ya wuce, don ba a sayar da fulotin da girmansa mainos ne. Mu kuwa mainos ɗin muke so, saboda shi ke gaya mana ta wane gefe aka juya daga kibiyar farko zuwa ta biyu, hagu ko dama. Ma'aunin fili mai riƙe da alama irin wannan shi ne ma'aunin simfilektik. Hermann Weyl, Bajamushen masanin lissafi, shi ya raɗa sunan a littafinsa na 1939 kan manyan rukunan lissafi. Da can sunan yana rikicewa da na lambobin kwamfiles, wato lambobi masu j, sai ya ɗauki kalmar Latin ɗin ya mayar da ita Girkanci gaɓa-gaɓa. Duka biyun ma'anarsu abin da aka kitsa tare.

Sai mu koma ga j, wanda zan riƙa rubutawa da babban baƙi J idan ina nufin aikin juyawa. Kana fuskantar gabas, ka juya hagu digiri 90, kana kallon arewa. Ka sake juyawa, kana kallon yamma, ka ba gabas baya. Wannan ba da bayan shi ne −1 ɗin da muke haddacewa. A lambobi, J yana ɗaukar kibiya mai x gabas da y arewa ya mayar da ita mai −y gabas da x arewa. Kibiyarmu u ta zama −1 da 3, in an sake ta zama −3 da −1, wato u a juye. Ina ƙaryar take? Charles Steinmetz ne ya yi fice wajen kawo wannan salon cikin aikin wutar lantarki, da takardar da ya gabatar a taron injiniyoyin lantarki a Shikago a 1893, kuma tun daga nan lissafin wuta mai kai-komo ya sauko daga kalkulos zuwa aljabara.

A nan gizo ke saƙar. Omega shi kaɗai bai san tsawo ba. J shi kaɗai ma bai sani ba. Amma ka auna filin da ke tsakanin u da juyayyiyar u: 3 sau 3, a cire 1 sau −1, ya ba 10. Goma kuwa ita ce 3² a haɗa da 1², wato ka'idar Pythagoras ta fito da kanta ba wanda ya gayyace ta. Haka in ka auna filin da ke tsakanin u da juyayyiyar v, za ka sami 6, kuma 6 ita ce 3 sau 1 a haɗa da 1 sau 3, ninkin ɗigo da aka koya mana a darasin bekta. Wannan ma'auni na uku, mai ba da tsawo da kusurwa, ana kiransa g. Murhu ne mai duwatsu uku, ω da J da g, sai dai nasa abin mamakin shi ne in ka riƙe kowaɗanne biyu, na ukun yana fitowa daga jikinsu.

'Yan ilektirikal, ku dubi lambobin nan da kyau: 6, 8, 10. Ku ɗauki u a matsayin kibiyar karant, v a matsayin kibiyar boltej. Tsawon kowace saiwar 10 ne, in an ninka su 10 ke nan, shi ne ƙarfin da ake rubutawa da kVA. Ita 6 ɗin da g ya bayar ita ce wutar da ke yin aiki, mai juya fanka da dafa ruwa, wadda mita take ƙirgawa, ta kW. Ita kuwa 8 ɗin da ω ya bayar ita ce wutar da ke kai-komo tsakanin janareta da koyil ba ta yin aikin komai, ta kVAr. Alwatikan wuta da muke zanawa tun ajin farko shi ne murhun nan mai duwatsu uku. Shi ya sa babban janareta da aka rubuta wa 100 kVA za ka ga an rubuta 80 kW a gefe: sauran 60 kVAr fili ne tsakanin kibiya biyu, ba ya niƙa hatsi amma yana cika waya yana ɗumama taransifoma. Kuma alamar da safiyo yake sharewa ita ce kuɗi a nan. Injin niƙa da famfon burtsatse, da duk abin da ke da naɗin koyil, suna sa karant ya biyo bayan boltej, filin ya zama fulos. Kapasito yana sa karant ya riga boltej, filin ya zama mainos. Masana'antar da ta jera kapasitoci kusa da injinanta tana zuba fili mai mainos ne don ya cinye mai fulos.

Duk wannan a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ne. Masu lissafi suna son su yi shi a kan abu mai lanƙwasa, wanda suke kira manifol. Duniya ita ce misali mafi kusa: dunƙulalliya ce, amma in kana tsaye a filin ƙwallon makaranta shimfiɗe kake ganinta, kuma lamba biyu sun isa su faɗi inda kake. Manifol shi ne duk wani abu da, in ka matso kusa da kowane wuri a jikinsa, zai yi maka kama da shimfiɗaɗɗen fili. Adadin lambobin da ake buƙata don a faɗi wuri shi ne daimenshan ɗinsa. A kowane wuri kuma akwai wani faifai shimfiɗaɗɗe da ke taɓa jikin manifol ɗin, kuma a kan wannan faifan ne kibiyoyi suke zama.

Ba dole manifol ya zama wurin da ake takawa ba. Ɗauki lilo. Don ka san halin da yake ciki a wannan daƙiƙar, kana buƙatar kusurwar da ya karkata da kuma ƙarfin tafiyarsa, wato momentom. Lamba biyu ke nan. Da yake kusurwa tana zagayowa ta dawo bayan digiri 360, taswirar dukkan halayen lilo siffar gwangwani gare ta. Hannun inji mai gaɓa biyu yana buƙatar lamba huɗu, kusurwa biyu da momentom biyu. Ba mai iya zana daimenshan huɗu, amma duk ɗan makanikal da ya taɓa lissafin irin wannan hannun ya yi yawo a cikinsa.

Manifol na simfilektik shi ne wanda aka ba kowane faifai nasa omega, da sharuɗɗa biyu. Na farko, babu kibiyar da za ta ba da sifili da kowa da kowa, in ba kibiyar sifili ba. Na biyu, in ka ɗauki ƙaramin ƙullin leda a cikin manifol ɗin ka tara omega a duk fatarsa, fulos da mainos su kashe juna a tashi sifili. A daimenshan huɗu, omega yana auna inuwar fili a kan bangon kusurwa ta farko da momentom ɗinta, ya auna a kan bangon ta biyu da nata, ya haɗa. Kowane wuri da nasa momentom, Ɗanjuma da Ɗanjummai. Haka kuma in aka ba kowane faifai nasa J, mai ba da −1 in an yi shi sau biyu, kuma yana sauyawa a hankali daga faifai zuwa faifai ba tsalle, sai a ce manifol ɗin yana da tsarin kusan-kwamfiles. Zan dawo kan wannan "kusan".

Abu na farko da ya fito fili shi ne dukansu biyu ba sa zama sai a daimenshan mai rabuwa biyu: 2, 4, 6. Dubi fankar sama. Fikafikanta suna juyawa, amma sandar da ta rataye a jiki tana nan inda take. Duk juyin da za ka yi a daimenshan uku sai ya bar wata sanda da bai taɓa ba, kuma kibiyar da ba ta motsa ba, ko sau nawa aka juya, ba za ta ba da baya ba. Abu na biyu, ko daimenshan ya dace, siffar manifol ɗin tana iya hanawa. Yanki doguwar farar leda, ka murɗa ta rabin murɗa, ka manne bakin biyu. Wannan shi ne zoben Möbius, wanda aka gano a 1858. Zana 'yar kibiya mai zagayawa hagu da maka, ka riƙa kwafarta gaba-gaba har ka zagayo. Da yake ledar ana gani ta cikinta, za ka tarar wadda ta dawo dama take zagayawa. A kan wannan zoben ba yadda za a yi kowa ya yarda da ina ne hagu, don haka ba J, ba omega.

Taswirar duniya ma labarin ω da J ce, ko da yake ba haka ake faɗa mana a sakandare ba. Taswirar Mercator ta 1569 tana kiyaye kusurwa, wato tana girmama J, shi ya sa matuƙan jiragen ruwa suka so ta. Amma ta yi watsi da omega, har tsibirin Girinlan ya fito kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Taswirar da Lambert ya fitar a 1772 tana kiyaye girman fili daidai, sai dai ta latse ƙasashen da ke kusa da ƙarshen arewa da kudu kamar an taka su. Me ya hana a yi wadda za ta kiyaye duka biyun? In ta kiyaye ω da J, ta kiyaye g ke nan, wato tsawo, kuma Gauss ya tabbatar a 1827 cewa ba a shimfiɗa fatar ƙwallo a takarda ba tare da an ɓata tsawo ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin baje ɓawon lemo ya san haka. Shi kuwa omega ba ya da wannan taurin kan. Darboux ya nuna a 1882 cewa duk manifol na simfilektik, in ka matso kusa, daidai yake da shimfiɗaɗɗen, ba lanƙwasar da za a auna. Bambancinsu sai in an dubi manifol ɗin gaba ɗaya.

Asalin wannan ilimin daga lissafin taurari ne. Lagrange ya ci karo da omega wajen 1808 yana nazarin yadda duniyoyi ke jan juna suna sauya hanyarsu, sannan Hamilton, mutumin Ailan, ya shimfiɗa ka'idojin motsi a sabon salo a 1834 da 1835. In aka cire alamomin kalkulos, abin da Hamilton ya ce gajere ne. Ɗauki taswirar halayen lilo, ka rubuta makamashin kowane hali kamar tsayin tudu. A inda kake tsaye, dubi inda tudun ya fi miƙewa sama, ka juya digiri 90, ka tafi. Wannan ita ce tafiyar lilon. 'Yan sibil sun gane inda aka dosa: wanda ya bi gicciyen hawa, layin kwanto yake bi, ba ya hawa ba ya sauka. Shi ya sa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Dokar da muke rerawa tun sakandare, ashe juyin J ce. Kewayen wuta mai koyil da kapasito kaɗai shi ma haka yake, cajin kapasito da maganaɗisun koyil su ne Ɗanjuma da Ɗanjummai ɗinsa. Kuma irin wannan motsin yana kiyaye omega: in ka ɗauki tarin halaye na farawa masu cika wani fili, lokaci zai ja su ya murɗe su, amma girman filin yana nan. Ana jingina wannan ga Liouville, daga aikinsa na 1838. Da zarar ka saka gogayya ko rezisto, filin ya fara tsukewa, mun fita daga gidan Hamilton.

'Yan kwamfuta, ga abin da za ku gwada a Excel yau da dare in akwai wuta. Sifirin mai sauƙi: wuri x, gudu v, taki h na 0.1. Hanyar Euler da aka koya mana ta ce sabon x shi ne x a haɗa da h sau v, sabon v kuma v a cire h sau x, duka da tsofaffin lambobi. Kowane taki yana ninka fili, da makamashi ma, da 1.01. Kamar ba komai. Ja layin zuwa taki 1000, za ka ga makamashin ya ninka sama da sau 20,000, sifirin ɗinka ya zama aljani. Yanzu sauya abu ɗaya: fara lissafa sabon v, sannan ka yi amfani da sabon v ɗin wajen fitar da sabon x. Filin da kowane taki yake ninkawa ya koma 1 cif, makamashin yana ɗan rawa sama da ƙasa amma ba ya guduwa ko ka kai taki dubu ɗari. Gyaran sel ɗaya ne. Irin wannan dabarar ce Loup Verlet ya yi amfani da ita a 1967 wajen kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra, kuma da danginta Wisdom da Holman suka bi tafiyar duniyoyi na miliyoyin shekaru a aikinsu na 1991.

To wace alaƙa ce tsakanin ω da J a kan manifol? Ana cewa J ya dace da ω in juya kibiya biyu tare bai sauya filinsu ba, kuma filin da ke tsakanin kowace kibiya da juyayyiyarta fulos ne. Babbar ka'idar ita ce: duk manifol mai omega yana da J da ya dace da shi. Ba ma ɗaya ba, birjik. A takardarmu ma, gwada juyin da ke mayar da x da y zuwa −2y da rabin x. Yi shi sau biyu, −1 zai ba ka. Ya dace da omega ɗinmu, sai dai a idonsa da'ira siffar ƙwai gare ta. Kuma duk waɗannan J ɗin ana iya zamewa a hankali daga ɗaya zuwa wani ba tare da an fita daga cikin masu dacewa ba. Wannan ya sa duk abin da ka ƙirga da taimakon J, in bai sauya ba yayin zamewar, to na omega ne, J tsani ne kawai.

Amma hanyar ba ta komawa baya. Akwai manifol mai J wanda ba zai taɓa samun omega ba, kuma misalin ƙwallo ne. Fatar ƙwallon da muka sani daimenshan biyu ce, tana da duka biyun. J ɗinta ma dokar hannun dama ce: ninkin giciye na kibiyar da ta fito daga tsakiyar ƙwallon da kibiyar da ke kwance a fatarta. Masu lissafi suna da fatar ƙwallo a kowane daimenshan, kuma Borel da Serre sun tabbatar a 1953 cewa a cikinsu kaf biyu ne kaɗai ke karɓar J: mai daimenshan 2 da mai daimenshan 6. Ta huɗu a'a, ta takwas a'a. Dalilin shigar shida shi ne ninkin giciye na kibiya biyu yana aiki a daimenshan 3 da 7 kawai, na bakwai ɗin kuma daga wasu lambobi masu gaɓa takwas yake fitowa, waɗanda Graves ya gano a 1843, Cayley ya buga a 1845. To ita mai shidan tana da J amma ba ta da omega. Rufaffen manifol mai omega dole ya kasance da wani ƙullin leda a cikinsa wanda ba ya cikuwa, mai jimillar omega da ba sifili ba. A ƙwallo mai daimenshan 6 kowane ƙulli yana cikuwa, sharaɗi na biyu kuwa ya ce duk mai cikuwa sifili ne.

Shi kuma "kusan" ɗin nan, ga inda ya fito. Samun J a kowane faifai daban yake da samun taswira ta lambobin kwamfiles wadda a kanta J zai zama ninki da j a unguwa guda gaba ɗaya. A daimenshan biyu kullum ana samun taswirar, irin ta Mercator ke nan. Daga huɗu zuwa sama, J na maƙwabta suna iya ƙin jituwa. Nijenhuis ya fitar da ma'aunin wannan rashin jituwar a 1951, Newlander da Nirenberg suka tabbatar a 1957 cewa in ma'aunin sifili ne ko'ina, taswirar tana nan. J ɗin da ƙwallo mai shida ta samu daga lambobin Cayley ya faɗi wannan gwajin. Ko akwai wani J daban da zai ci? Wannan tambayar, da ake jinginawa ga Heinz Hopf tun ƙarshen shekarun 1940, ta shafe sama da shekara saba'in tana wahalar da manya. Har Michael Atiyah ya fitar da hujjarsa a 2016, masana ba su gamsu da ita ba. In kuwa ω da J da g duk sun dace kuma J ya ci gwajin, sai a kira manifol ɗin na Kähler, daga aikin Erich Kähler na 1933. Thurston ya nuna a 1976 cewa akwai rufaffen manifol mai omega da ba zai yiwu ya zama na Kähler ba.

Mutum zai ɗauka J da ya faɗi gwaji ba shi da amfani. Mikhail Gromov, haifaffen Tarayyar Sobiyet da ya koma Faransa, shi ya nuna akasin haka a takardarsa ta 1985, kuma aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Abel a 2009. Tambayarsa ita ce: ɗauki dunƙulen halaye a daimenshan huɗu, ƙwallo mai faɗin r daga tsakiya. Ɗauki bututu mai tsawo marar iyaka, wanda bakinsa da'ira ce mai faɗin R a kan bangon wuri ɗaya da momentom ɗinsa. Za a iya cusa ƙwallon cikin bututun ta hanyar motsi mai kiyaye omega, in R bai kai r ba? In girman ciki kawai ake kiyayewa, ai abu ne mai sauƙi, ka murza ƙwallon kamar ƙullin fulawa ya zama taliya ya shige. Ko da omega ɗin ma, in bakin bututun a kan bangon wurare biyu yake, ana iya tsuke wuraren a miƙe momentom ɗinsu. Amma a bangon Ɗanjuma da Ɗanjummai, Gromov ya ce ba zai shiga ba, ko ta yaya aka murɗa. Masana suna kiran wani ɗan'uwan wannan sakamakon raƙumin simfilektik, aron misalin raƙumi da kafar allura da ya zo a Alƙur'ani da Linjila. Wanda ya san ka'idar Heisenberg ta 1927, cewa ba a tsuke sanin wuri da momentom lokaci guda, zai ji ƙamshinta a nan, alhali ba a shiga kimiyyar kwantom ba ko kaɗan.

Hujjar ita ta fi burge ni. A ce ƙwallon ya shiga. Bututun, da J ɗinsa na asali, yankakke ne kamar yankan albasa, kowane yanka fili ne mai daimenshan biyu wanda J ba ya fitar da kibiya daga cikinsa, kuma girmansa πR². Gromov ya zaɓi wani J daban, wanda a cikin cusasshen ƙwallon ya yi daidai da J ɗin da ƙwallon ya zo da shi daga gida, a waje kuma ya koma na bututun. Da yake ana iya zamewa daga J na farko zuwa wannan, ya nuna cewa yankan ba sa ɓacewa a hanya, lanƙwashewa kawai suke yi, kuma sharaɗin omega na biyu ya hana girmansu sauyawa. Don haka akwai yanka guda da ya ratsa ta tsakiyar cusasshen ƙwallon, girmansa bai wuce πR² ba. Mayar da shi gida, cikin ƙwallon asali. Fili mai jituwa da J halin fatar kumfar sabulu gare shi, kullum mafi ƙanƙantar girma yake nema, kuma irin wannan fatar in ta ratsa tsakiyar ƙwallo mai faɗin r ba ta gaza πr². Ke nan πr² bai wuce πR² ba, r bai wuce R ba. Shi wannan J ɗin da aka ɗinka, rabi na ƙwallo rabi na bututu, ba wanda zai ba ka tabbacin ya ci gwajin Nijenhuis a wurin ɗinkin, kuma Gromov bai nemi ya ci ba. Da sai J mai cikakkiyar taswira ake karɓa, da ba a sami abin ɗinkawa ba.